Ranar da Malam Ding Ya Tafi a Madadin Habibu

'Ya'yana, akwai wata magana da kuka taso kuna tsintar gutsattsarinta a bakin mutane, wani ya faɗi kai, wani ya faɗi ƙafa. Wai a zamanmu na Chana na yi abin da ya sa yayanku Habibu ya yi shekaru yana nesa da ni, wai kuma a dalilina wani dattijo ya nakasa. Masu wannan zance babu wanda ya taka wurin da abin ya faru. Ni na taka. Tunda yanzu gwiwa ta yi nauyi, zama ya fi tafiya yawa, gara in ba ku labarin da bakina ku auna da kanku, kada ku gaje shi a karkace.

A lokacin mun riga mun daɗe a Guangzhou. Ina da ɗan ofis a saman wani bene kusa da kasuwar Canaan, ina saro wa 'yan Kwari da 'yan Sabon Gari kaya, ina haɗa musu kwantena. Mahaifiyarku, Hajiya Binta, tana tare da ni. Habibu ya gama karatu ya zo yana taya ni aiki, kuma cikin ƙanƙanen lokaci bakinsa ya kama Sinanci fiye da nawa, domin ni iyakata yaren kasuwa: in ce wa mai shago lawban, in ba shi da kaya ya ce mini meyo, sauran mu ƙarasa da hannu. Ku kuma kuna ƙanana, ba za ku tuna komai ba sai ƙila ƙarar jirgin ƙasa. Abin da nake so ku gane shi ne, takardar zaman kowa a gidan nan a jikin tawa take rataye. In tawa ta faɗi, duk mun faɗi.

Ciwon baya ne ya haɗa ni da Malam Ding. Yana da ɗan shagon taliya na halal a wani lungu bayan titin Guangyuan Xilu, inda muke zuwa cin abinci in an sauko daga Juma'a. Musulmi ne daga can arewacin ƙasar, gajere, siriri, da farar hula da ɗan farin gemu. Ya haura saba'in, amma yana jan kwaɓin taliya kamar saurayi. Wata rana ya ga yadda nake dafa tebur kafin in miƙe, sai ya sa Habibu ya gaya mini in same shi da sassafe a wani lambun shan iska da ke kusa da su. Ashe a nan yake koyar da kunfu. Na je don baya, Habibu ya bi ni don tafinta. Ni ban wuce miƙa jiki da 'yan tsugunne-tsugunne ba, bayana kuwa ya yi sauƙi. Habibu ne ya faɗa cikin abin tsundum. Ni ina kiran tsohon Malam, shi yana kiransa shifu, yadda suke kiran mai koyar da su.

Kunfun Malam Ding ba irin wanda kuke gani a fim ba ne. Babu tashi sama, babu ihu. Mutum yana ƙasa-ƙasa kamar mai shirin ɗaukar buhu, shuri ba ya wuce gwiwa, ana tafiya a layi ɗaya a je a dawo har cinya ta ɗauki rawa. Kafin a fara, ana ɗaga tafin hannu biyu kamar mai addu'a. Ya ce mana wannan damben Musulmin garinsu ne, a bayan masallaci ake miƙa shi daga malami zuwa ɗalibi, shi kuma ya karɓa tun yana yaro daga wani dattijo da ake kira Tsoho Han, a zamanin da ake ɓoye irin wannan koyarwa. In ya ambaci Tsoho Han yakan sassauta murya, yadda muke yi in mun tuna malamin da ya fara rubuta mana allo. Habibu ya yi shekaru ba ya fashi, ko ana ruwa, ko jiki ya mutu da lodin kaya. Sauran ɗaliban, waɗanda galibinsu tsofaffi ne 'yan ƙasar masu neman lafiya, har suka koma kiransa babban yaya.

Fitinar daga wayar Awudu ta fito. Awudu mutumin zangon Kumasi ne, ofishinsa na jikin nawa, mai son jama'a, mai surutu, ba shi da mugun nufi ko kaɗan. Ya ɗauki bidiyon Habibu a lambu, ya sa wani ya rubuta masa da Sinanci cewa ga Bahaushe magajin gidan Han, ya saka a intanet. Alfahari ne ya sa shi. Kafin mu ankara bidiyon ya zaga, mutane suna ta rubutu a ƙarƙashinsa, wasu yabo, wasu zagi. Habibu yana karantawa yana ɓoye mini rabi.

Sai ga martani daga jikan Tsoho Han. Ashe dattijon ya bar zuriya, kuma jikan nasa, wanda zan riƙa kira Han ƙarami, yana da babbar makarantar kunfu mai rassa, ɗaya a cikin Guangzhou. Ya fito a bidiyo cikin nutsuwa ya ce kakansa bai taɓa karɓar wani Ding a matsayin ɗalibi ba. A al'adarsu, in ji shi, ba ka zama ɗan gida sai ka miƙa wa malami shayi a gaban shaidu ya karɓa ya sha, kuma babu mai rai da ya ga an yi haka. Abin da danginsu suka tuna shi ne wani yaron maƙwabta da ke ɗebo ruwa, yana share tsakar gida, yana leƙen masu koyo. Ya ce wannan tsugunno ba nasu ba ne, ɗaga hannun nan kuwa ƙirƙira ce don a jawo baƙi Musulmi. Sannan ya nuna nasu salon, a tsaye, da sauri, shuri har kai. Ya ce wannan ne na asali, wancan jabu ne.

Gardamar ta biyo mu har kan tabarmar cin abinci. Awudu ya ce ai ba a tambayar ɗan dambe sunan kakansa, hannunsa ake kallo. Habibu ya ce Han ƙarami mai gini da fitilu shi ya fi kowa dalilin canza abu don ya yi kyau a kyamara, tsohon da ke jan taliya me zai ci da ƙarya? Mahaifiyarku ta ce ita dai abin da ta sani, rigimar gado ba ta taɓa ƙarewa da baƙo lafiya ba. Ni kuma na faɗi abin da ke raina. Na ce a Kano in mutum ya shimfiɗa buzu ya ce zai karantar, abin da ake fara tambaya shi ne a gaban wa ya zauna, wa kuma ya ba shi izini, kuma tambayar ba zagi ba ce. Habibu ya dube ni kamar na haɗa baki da su. Daga baya na sami Malam Ding a shago, na tambaye shi a hankali ko akwai wanda zai tsaya masa shaida. Bai daina jan taliyarsa ba. Ya ce waɗanda suka gani duk suna ƙarƙashin ƙasa, kuma a lokacin da ya koya babu mai ƙarfin halin tara jama'a don shan shayi.

Daga nan tsoro ya soma. Wata safiya muka tarar da wasu samari majiya ƙarfi cikin riguna iri ɗaya, sun tsaya a gindin bishiyar da muke ajiye jakunkuna. Sun ɗaga waya kawai suna ɗaukarmu. Kashegari suka dawo, haka suka yi ta dawowa. Tsofaffin ɗaliban suka soma zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ran nan da muka tashi, ɗaya daga cikin samarin ya biyo mu har tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya shiga tarago ɗaya da mu, ya sauka inda muka sauka. Na daina jin ɗanɗanon abinci. In an ƙwanƙwasa ƙofar ofis sai gabana ya faɗi. Na hana mahaifiyarku kai ku makaranta ita kaɗai.

Sai Han ƙarami ya zo ofishina da kansa, da rana tsaka. Ƙaƙƙarfan mutum ne, zai yi arba'in da wani abu, wuyansa kamar turmi. Ya gaishe ni da ladabi, ya zauna inda na nuna masa, ya sha ruwan da na ba shi, kuma ladabin nan ya fi ba ni tsoro fiye da a ce da zagi ya zo. Habibu yana yi mana tafinta. Ya ce shi ba shi da rigima da baƙi, sunan gidansu kawai yake karewa. Ya ce a wurinsu in baki ya kasa raba gardama, hannu ke rabawa. Ran Lahadi babban ɗalibin Malam Ding ya zo makarantarsu ya gwada hannu da nasa ɗalibin, a rufe ƙofa, a kunna kyamara. In kuwa ba za a zo ba, to Malam Ding ya fito ya faɗa wa duniya cewa abin da yake koyarwa shi ya ƙirƙira, ya daina ambaton sunan Han. Yana magana idonsa na yawo a bango, har ya tsaya a kan takardar izinin kasuwancina da ke rataye. Wataƙila ba komai yake nufi ba.

Na san wani saurayi ɗan ƙasarmu da ya taɓa cacar baki da mai shago har ta kai ga hannu. Kafin a gano mai gaskiya ya daɗe a tsare, daga nan aka sa shi a jirgi da rigar jikinsa. Na zauna na yi ta juya abin. In aka doke Habibu, asibiti ne, ko abin da ya fi asibiti, domin shuri ɗaya a wuya ya isa. In kuma shi ya doke nasu, baƙar fata ya ji wa ɗan ƙasa rauni a rufaffen ɗaki a gaban kyamara, wannan ta fi muni. Duk ƙofar da na duba, ba ta kai mu gida lafiya.

Ran Asabar bayan la'asar na same shi a falo yana saka takalman atisaye a jaka. Na soma da lallashi. Na kawo masa ku, na kawo masa mahaifiyarsa, na kawo masa takardunmu. Ya saurara kansa a ƙasa, da na gama ya ce mutumin da ya riƙe shi kamar ɗa yau an kira shi maƙaryaci saboda bidiyonsa, in bai je ba da wane ido zai dube shi. Na ga lallashi ba zai yi ba. Sai na faɗi kalmar da ban taɓa faɗa wa ɗayanku ba, ban kuma sake faɗa ba har yau.

"Habibu, in ka taka ƙofar makarantar nan, ban yafe maka ba."

Na ji ludayi ya faɗi a kicin. Shi kuwa ya daɗe riƙe da takalmi ɗaya a hannu, sannan ya ajiye shi ƙasa a hankali.

"Na ji, Baba," ya ce. "To wa zai je?"

Na ɗauki hulata na tafi shagon in gaya wa Malam Ding da kaina, da guntun Sinancina da nunin hannu. Na zaci zai yi fushi. Ya gyaɗa kai ya ce uba ya fi shifu haƙƙi, na yi daidai. Sannan ya ce shi zai je. Na roƙe shi. Na ce ya bar musu sunan, suna ba ya ƙara wa shuri ƙarfi, mu da muka san shi mun san shi. Ya goge hannunsa da tsumma, ya yi magana kalma-kalma don in fahimta.

"In na ce ni na ƙirƙira, na ƙaryata mutumin da ba zai iya tashi ya yi magana ba."

Na koma gida na gaya wa mahaifiyarku zan raka shi. Ta ce na hana ɗa na kai uba, me aka yi ke nan? Na ce ba faɗa zan yi ba, amma ba zan bar tsoho ya hau benen nan shi kaɗai ba bayan ni na janye masa ɗalibi. Da safe ita ta ɗauko fasfona ta sa mini a aljihun ciki.

Makarantar tana saman wani dogon gini. Ɗaki ne mai faɗi, bango duk madubi, ƙasa katako mai sheƙi, samari sun jeru a gefe sun yi tsit. Duk inda na juya sai in ga fuskata, ni kaɗai baƙi a cikinsu. Na ji an murɗa makulli a bayanmu. Ina ta karanta abin da ya zo mini, ina farawa ina mantawa. A bangon gaba akwai babban hoton wani dattijo mai farar hula. Malam Ding ya wuce kowa ya je gabansa ya tsaya. Ya daɗe leɓɓansa na motsi, sannan ya shafa fuska.

Han ƙarami bai ji daɗin ganinmu mu biyu ba. Ya tambayi ina saurayin, Malam Ding ya ce ai ba saurayin aka kira maƙaryaci ba. Suka yi ta magana da sauri, ban kama duka ba, amma na gane Han yana cewa ba zai sa yaro ya taɓa tsoho ba, a koma gida. Malam Ding ya tuɓe rigarsa ta sama ya miƙo mini, ya taka tsakiyar ɗaki, ya ɗaga tafin hannunsa biyu. Wasu daga cikin samarin suka yi 'yar dariya. A ganina dariyar nan ita ta rufe wa kowa hanyar komawa. Han ya cire agogonsa ya fito da kansa.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na ga yadda aka yi ba. Sun haɗa hannu, sun ɗan zaga, sai tsohon ya nutse ƙasa ya shige, na ga jikinsu ya haɗu, sai na ji ƙara kamar an taka busasshen kara. Malam Ding yana kwance a gefensa, ƙafarsa ɗaya ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa. Bai yi ihu ba, numfashi kawai yake ja ta tsakanin haƙora. Ƙafafuna suka ce mini ga ƙofa, na tuna a kulle take. Na tuna ku. Na tsaya rungume da rigar tsoho kamar gunki, ina jiran in ga a kan wa za a juye abin.

Sai na dubi Han, na ga ashe ba ni kaɗai ke jin tsoro ba. Fuskarsa ta yi fari fat. Ya daka wa masu waya tsawa suka sauke, ya durƙusa ya tallafi kan tsohon, yana kiransa da wata kalma yana maimaitawa. Shi ya kira motar asibiti, kuma bai tashi daga wurin ba har ta zo.

A asibiti jami'ai suka zo da tambayoyi. Ɗaya ya karɓi fasfona yana juya shafuka a hankali, ya dube ni, ya koma ya duba. Suka tambayi Malam Ding yana kan gado ana shirin shiga da shi tiyata. Ya ce katako ne da santsi, tsufa ya kayar da shi, wannan baƙon kuma abokinsa ne, rakiya ya yi masa. Aka miƙo mini fasfona.

Habibu ya iso, na ba shi labari a baranda. Da na zo kan kalmar da Han ya riƙa kiran tsohon da ita, sai ya riƙe hannuna. Ya ce akwai kalmomi biyu masu kama da juna. Akwai shushu, wadda ake kiran kowane dattijo da ita ko a titi ne. Akwai kuma shishu, wadda ba a kiran kowa da ita sai wanda ya zauna a gaban malami ɗaya da mahaifinka. In ita Han ya faɗa, ya yarda ke nan Malam Ding ɗalibin kakansa ne.

"Baba, wacce ya faɗa?"

Na rufe ido na nemo muryar. Na san amsar da yake so, na san in na ba shi ita zai kai wa duniya, ya kuma ɗan huce da ni. Amma kunnena na kasuwa ne, kuma a lokacin tsoro ya toshe shi. Na ce masa ban sani ba. Ya saki hannuna.

"Da ni ne, Baba, ƙashina zai ɗoru. Nasa ba zai ɗoru ba."

Haka kuwa aka yi. Ƙugu ne ya karye, an yi aiki, amma Malam Ding bai sake tsayawa babu sanda ba, balle shuri. Bidiyon ranar bai taɓa fita ba, don haka gardamar ta ci gaba yadda take, kowa da nasa. Awudu har yau yana rantsuwa wai ƙafar tsohon ta kai gwiwar Han ya janye don tausayi, alhali ba ya wurin. Han ya riƙa zuwa asibiti da kwandon 'ya'yan itace, ya zauna shiru, ya tafi. Bai janye maganarsa ba, tsohon ma bai janye tasa ba. Samarin dai sun daina zuwa lambu, domin babu wanda za su kalla. Habibu ya yi jinyar malaminsa har aka sallame shi, sannan ya nemi izinina ya koma garin Xintang ya kama harkar wandunan jins. Na ba shi. Bai taɓa yi mini rashin kunya ba, bai fasa gaisuwa ba, amma gaisuwar ta zama irin ta maƙwabci, kuma ta daɗe a haka, har sai da ya haifi nasa ɗan. Ina kuma gaya muku, da za a mayar da ni ran Asabar ɗin nan, kalmar nan zan sake faɗa. Ba na jin daɗinta, amma kun girma a gaban uwa da uba, da yayanku a tsaye da ƙafafunsa.

Kafin Habibu ya tafi, 'yar Malam Ding ta zo daga arewa ta rufe shagon, za ta koma da mahaifinta gida. Muka raka su tashar jirgin ƙasa. Wurin ya cika maƙil da masu jan buhunan kaya, Habibu ya tafi taya ta da akwatuna, aka bar ni da tsohon a kan kekensa na marasa lafiya. Na durƙusa kusa da shi na ba shi haƙuri, ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. Sai na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina a rai, shin Tsoho Han ya karɓe shi ɗalibi kuwa? Ya yi murmushi, ya amsa a hankali yadda ake yi wa yaro magana.

"Ruwa na ɗebo, gaskiya ne. Tsakar gida na share. In kowa ya watse sai ya kira ni ya ce in tsuguna. Ko duka ilimin ya ba ni, ko rabi, ban sani ba. Na kusa zuwa inda yake, zan tambaye shi."

Habibu ya dawo ya kama keken, ya tura shi cikin jama'a. Na tsaya ina hango farar hular nan tana ƙanƙancewa har suka shige ƙofa. Ban sake ganinsa ba.